Gidana na kusa da teku: jiniya da katanga sun isa su kare mu daga tsunami?

"Assalamu alaikum Malam. Aiki ne ya kai ni da iyalina wani gari a bakin teku, kuma daga gidan da aka ba mu zuwa ruwa bai fi tafiyar minti biyar ba. Tun zuwanmu nake ganin alluna shuɗɗa masu zanen mutum yana gudu zuwa tudu, igiyar ruwa na biye da shi. Aka ce min alamar tsunami ce. Ni iyakar sanina da ita abin da na gani a talabijin. Mece ce ita, kuma me ya raba ta da ambaliyar da kowa ya sani? Akwai yadda mutum zai gane tana tafe? Yarana uku, biyu suna makaranta. Maƙwabcina ya ce in kwantar da hankalina, akwai jiniya, ga kuma katanga a bakin ruwa. Hakan ya isa?"

Wa'alaikumus salam. Abu uku ka tambaya: mece ce tsunami, yaya ake gane ta, da kuma ko shirin da hukuma ta yi ya ɗauke maka naka. Bari in fara da na ƙarshe tunda shi ne mai kashe mutane: bai isa ba. Jiniya tana da amfani, katanga ma haka, kuma ba na so ka raina su. Amma ga wanda ke kwana tafiyar minti biyar daga ruwa, abin da zai fitar da shi shi ne sanin lokacin tashi da sanin inda zai nufa, tun kafin kowa ya ce masa ya tashi. Aikina ya shafi shirya mazauna gaɓar teku da gudanar da atisaye tare da su, don haka wani abin da zan faɗa daga ilimin ƙasa yake, wani kuma daga abin da nake gani idan an busa usur mutane sun fara fita.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa

Igiyar da kake gani kullum a bakin teku iska ce ke kaɗa ta. Saman ruwa kawai take motsawa, ta zo ta fashe ta koma cikin 'yan daƙiƙu. Tsunami kuwa daga gindi take tasowa, ruwan teku gaba ɗaya ke motsi tun daga ƙasa har sama.

Ɓawon duniyar nan ba dunƙule ɗaya ba ne, manyan faya-fayai ne da ke tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara. A wasu wurare ɗaya yana kutsawa ƙarƙashin ɗaya. Bakin na saman sai ya maƙale, yana lanƙwasa yana tara ƙarfi shekaru ɗaruruwa, ran da ya suɓuce sai ya zabura sama cikin 'yan mintuna. Wannan zaburar ita ce girgizar ƙasa, kuma duk ruwan da ke bisa wurin da shi take ɗagawa. Ka cika baho da ruwa ka bankaɗo gindinsa daga ƙasa, za ka ga duk ruwan ya tafi gefe lokaci guda. Ranar 26 ga Disamba 2004, a yammacin tsibirin Sumatra na Indonesiya, tsagar da ta suɓuce ta kai tsawon kilomita kusan 1,300, girgizar ta kai maki 9.1. Mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14.

Gudunta ya danganta da zurfin ruwa. Inda teku ta kai zurfin mita 4,000, tana yin kilomita 700 a awa, amma tsayinta a can sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, kuma tsakanin ƙololuwa da ƙololuwa ana iya samun kilomita ɗaruruwa. Jirgin ruwa zai bi ta kanta matuƙinsa bai sani ba. Da ta iso inda ruwa ba zurfi sai gabanta ya rage gudu, bayanta kuma yana tafe da ƙarfinsa, ruwa ya hau kan ruwa. A zurfin mita 10 tana yin kilomita 35 a awa. Ta rage gudu ke nan, amma duk da haka ba mai tsere mata da ƙafa. Shi ya sa nake gaya wa mutane cewa wanda ya tsaya sai ya gan ta da idonsa ya riga ya makara.

Kada ka sa ran ganin wata doguwar igiya mai lanƙwasa irin ta zane. Galibi tana zuwa ne kamar teku ta cika ta ƙi tsayawa, baƙin ruwa yana ta turowa minti biyar, minti goma, ɗauke da motoci, katako, kwanon rufi, kwale-kwale da man fetur. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe nauyinsa tan ɗaya ne, to ka auna mai gudu. Wanda ya kai gwiwa yana kayar da ƙato. Iya iyo ba ya ceto, domin ba ruwan kaɗai ke kisa ba, abin da ke cikinsa ne ke dukan mutum. Komawarsa kuma tana jan duk abin da shigowarsa ta tumɓuke zuwa cikin teku. Nan ne ta rabu da ambaliyar ruwan sama ko ta kogi, wadda takan ba da sa'o'i tana hauhawa.

Yawancin tsunami girgizar ƙasa ce ke haifar da su, kuma Tekun Fasifik ya fi kowanne fama da su. Amma akwai sauran hanyoyi. Dutsen Karakatau na Indonesiya da ya yi aman wuta a 1883 ya tayar da igiyar da ta kashe yawancin mutum 36,000 da suka mutu a lokacin. A Disamba 2018 wani ɓangare na dutsen da ya tsiro a gurbinsa ya zaftare cikin teku da dare, ba wata girgizar da mutane suka ji, fiye da 400 suka rasu. Kuma ba Fasifik kaɗai ba: ta 1755 ta afka wa Lisbon da gaɓar Maroko a Tekun Atlantika, ta 1908 ta afka wa Mesina a Bahar Rum, ta 1945 ta tashi daga gaɓar Makran ta Pakistan.

Ta nesa da ta kusa

Wannan rabuwar ita ce za ta amsa maka maganar maƙwabcinka. Akwai tsunamin da ke tasowa daga ɗaya gefen teku, akwai wadda ke tasowa a ƙofar gidanka.

Girgizar Chili ta 1960, mai maki 9.5, ita ce mafi girma da aka taɓa aunawa. Igiyarta ta yi awa 15 kafin ta isa garin Hilo a Hawai, ta yi kusan awa 22 kafin ta isa Japan. Ta 2004 ta yi kamar awa bakwai kafin ta kai Somaliya, inda ta kashe mutum kusan 300, domin a lokacin babu tsarin gargaɗi a Tekun Indiya. Irin wannan ce aka yi jiniya dominta. Na'urorin auna girgiza suna gano wuri da ƙarfi cikin mintuna. Akwai kuma na'urori a can ƙasan teku masu jin sauyin nauyin ruwan da ke bisansu, su aika wa tulun da ke bisa ruwa, shi kuma ya aika ta tauraron ɗan'adam. Cibiyar gargaɗi ta Hawai an kafa ta a 1949, bayan tsunamin 1946, tsarin gargaɗi na Tekun Indiya kuma ya fara aiki a 2006. Idan ta nesa ce, za ka samu saƙo a waya da rediyo, kana da sa'o'i, sai dai ka bi umarni.

Ta kusa ba ta ba da wannan damar. A 2004, birnin Banda Aceh na Sumatra ya samu kamar minti 20. A birnin Palu na Indonesiya, a Satumba 2018, ruwa ya shigo cikin 'yan mintuna. Girgizar da ta tayar da igiyar ita ce kuma ke katse lantarki, ta kayar da turakun waya, wani lokaci har da jiniyar kanta.

Ka dubi Japan ranar 11 ga Maris 2011. Babu ƙasar da ta kai ta shiri. Gargaɗi ya fita cikin minti uku. Amma ƙiyasin farko ya ɗauki girgizar a maki 7.9, alhali ta kai 9, sai aka sanar da igiyar mita 3 a yankin Iwate, mita 6 a Miyagi. Kafin a gyara adadin, wuta ta ɗauke a wurare da yawa, mutane ba su ji gyaran ba. A garin Taro na yankin Iwate akwai katanga mai tsayin mita 10 da ake alfahari da ita, wanda ya ji an ce mita 3 me zai tayar masa da hankali? Ruwa ya haye ta. A wasu kwaruruka na wannan gaɓar ya hau tudu har kusan mita 40. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun haura 18,000. Don adalci, a ƙauyen Fudai akwai ƙofar ruwa mai mita 15.5 da ta kare gidajen da ke bayanta. To katanga tana aiki, tana tare ƙananan igiyoyi, tana rage ƙarfin manya, tana saya maka mintuna. Illarta biyu a ganina: tana kare maka ganin teku, kuma tana sa zuciya ta kwanta. An gina ta ne da lissafin wani tsayi, teku kuwa ba ta san da wannan lissafin ba.

Alamomin da ba sa jiran lantarki

Ta farko, kuma babbarsu, girgizar kanta. Idan ƙasa ta girgiza har tsayuwa ta yi maka wuya, ko ta daɗe tana rawa kamar ba za ta daina ba, wannan shi ne gargaɗinka, ba wani na biyu da za ka jira. Ka lura da maganar daɗewa, domin mutane sun fi tsoron ƙarfi. Akwai girgizar da ke suɓucewa a hankali, a tudu a ji ta sama-sama, amma ta ɗaga ruwa mai yawa. Ta Sanriku a Japan a 1896 haka ta yi, mutane ba su ɗauke ta komai ba, kusan 22,000 suka halaka. Ta kudancin tsibirin Jaba na Indonesiya a 2006 ma haka. Ina koya wa yara su fara ƙirga da zarar ƙasa ta motsa. In sun wuce 20 ba ta tsaya ba, tafiya ta kama, ko da ko kofi bai faɗo daga tebur ba. Lokacin girgizar kuwa a durƙusa, a shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, a kare kai. Tana lafawa a fita.

Ta biyu, teku ta yi abin da ba ta saba ba. Ta ja da baya nesa, ƙasanta ya bayyana, kifi na tsalle a kan yashi, kwale-kwale sun zauna a laka. Ruwa ba ya tsami banza. A Tailan a 2004 mutane da yawa sun bi ruwan suna kallo, wasu suna tsintar kifi. A gaɓar Mai Khao kuwa, wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 10, Tilly Smith, ta tuna darasin da aka yi musu a makaranta makonni kaɗan kafin nan, ta matsa wa iyayenta, aka kwashe mutanen wurin. Sai dai kada ka ce sai ka ga janyewar. A wannan ranar dai, a Siri Lanka da Indiya, hauhawar ruwa ce ta fara zuwa. Ya danganta da gefen da kake daga inda ƙasa ta suɓuce.

Ta uku ƙara ce daga teku, kamar rugugin jirgi. Wanda ya ji wannan, sauran daƙiƙu gare shi, ya hau duk abin da ya fi kusa ya fi tsayi.

Misalin da na fi so shi ne tsibirin Simeulue, wanda ke dab da inda girgizar 2004 ta tashi. Ba jiniya, ba saƙon waya. Abin da suke da shi labari ne da kakanni ke ba jikoki tun tsunamin 1907: in ƙasa ta girgiza, teku ta ja baya, a hau dutse. Cikin mutum fiye da 70,000, bakwai suka rasu.

Shirin da ya rage naka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ofishin agajin gaggawa na garin ka nemi taswirar tsunami, wadda ke nuna iyakar inda ake zaton ruwa zai kai da wuraren taruwa. Ka sa alama a gidanka, wurin aikinka, makarantar yara da kasuwar da maiɗakinka ke zuwa. Inda babu taswira, ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce tudu mai tsayin mita 30 daga teku, ko nisan kilomita 3 cikin ƙasa. Tsayi ya fi nisa, domin a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ruwa na tafiya sosai.

Sannan ka taka hanyar da ƙafa, kai da iyalinka duka, da agogo a hannu, da saurin ƙaramin cikinku. Ku sake yi da dare. Wannan shi ne abin da mutane suka fi ƙin yi, kuma shi ne ya fi tona asiri. A takarda hanya takan yi kyau. A ƙasa sai ka tarar da ƙofar da ake rufewa da kwaɗo bayan magariba, ko lungu mai tsohuwar katanga ta dama da hagu wadda girgiza za ta zubar, ko gada, ko matakalar da tsohuwa ba za ta iya hawa ba sai an goya ta. Ka nemi hanya ta biyu. Ka guji bin gefen kogi ko magudanar da ke shiga teku, domin tsunami na bin su ta yi nisa cikin gari ta ɓullo ta bayan mutane.

Abin da atisaye ya koya min shi ne ba a hanya ake ɓata lokaci ba, a cikin gida ne. Usur zai tashi, maigida na laluben makullin mota, uwargida ta koma ɗauko takardu, yaro na neman takalmi ƙafa ɗaya, wani ya tsaya bakin ƙofa yana leƙen ko maƙwabta sun fito, su ma suna leƙensa. Kafin a ankara minti goma sun tafi ba wanda ya taka titi. Maganin wannan mai sauƙi ne. Takalma masu rufi su kwana kusa da gado, saboda fasassun gilasai. Jaka ɗaya mara nauyi ta zauna bakin ƙofa da ruwan sha, tocila, ƙaramar rediyo mai batir, magungunan da wani ke sha kullum, kwafin takardun shaida a leda, da abin rufa. In jakar ta fi ƙarfin a gudu da ita, a rage. Kuma ka zama na farkon fita, kana ɗaga murya. Mutane na bin wanda suka ga yana gudu fiye da yadda suke bin sanarwa.

Mota kuwa, ka bar ta. Kowa ita zai tuna, titi ya cushe, ga turakun lantarki a kwance, ruwa ya iske mutane a jere a cikin motocinsu. An ga haka a 2011. A bar titi ga masu ɗauke da marasa lafiya da waɗanda ba sa iya tafiya.

Yanzu maganar yara, wadda na san ita ce ke cin ranka. Zuciyar uba za ta ce ya ruga makaranta. Mutane da yawa sun mutu a kan wannan hanyar, wasu ma yaran nasu sun riga sun tsira a tudu. A garin Kamaishi na Japan, a 2011, ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000 sun tsira, domin an shekara da shekaru ana koya musu kada su jira kowa. Manyan suka kama hannun ƙanana suka ruga, da suka isa wurin taruwar da aka tsara suka ga bai yi musu ba, suka ƙara hawa sama, ruwa kuwa ya cinye wurin farkon. A makarantar firamare ta Okawa, kusan kilomita 4 daga teku a gefen kogin Kitakami, an tara yara a fili ana shawarar inda za a nufa har kusan minti 50, ga tudu a bayan makarantar. Ɗalibai 74 da malamai 10 suka rasu. Rana ɗaya, gaɓa ɗaya. Don haka ka je makarantar yaranka ka yi tambaya ƙarara: in ƙasa ta girgiza ina za ku kai su, ta wace hanya, wa ke yanke shawara in shugaban makaranta ba ya nan, yaushe kuka yi atisaye na ƙarshe? In amsar ta gamsar da kai, ku yi alkawari a gida cewa kowa zai hau tudu daga inda yake, a haɗu a wuri kaza. Yaron da ya tabbata babansa ba zai zo nemansa ba, ba zai tsaya jiransa a bakin ƙofar makaranta ba. Magana ce mai ɗaci, na sani, amma ita ke fitar da gida gaba ɗaya.

Bayan an hau, a zauna. Tsunami jerin igiyoyi ce, tsakaninsu minti goma zuwa awa guda ko fiye, kuma ta farko ba lalle ta fi girma ba. A garin Crescent City na Amurka, bayan girgizar Alaska ta 1964, wasu sun koma duba shagunansu da suka ga igiyoyin farko sun wuce, ta huɗu ce ta zo ta fi duka, mutum 11 suka mutu. Ba a sauka sai hukuma ta ce a sauka, ko da za a kwana. Mai jirgin da ke can cikin teku mai zurfi ya tsaya a can, kada ya nufo tasha. Wanda ke kan tudu kuma kada ya gangara don ceton jirginsa.

Ka kuma shirya wa wannan: sau da yawa za ku gudu ba abin da zai zo, ko ya zo ɗan kaɗan. Maƙwabta za su yi dariya. Ba kowace babbar girgiza ke ɗaga ƙasan teku ba, wata gefe da gefe take gogawa, kuma a mintunan farko ko masana ba sa iya rabewa da tabbas. Ilimin yau yana iya nuna gaɓar da ke cikin hatsari da irin tsayin da za a iya samu, amma ba ya iya faɗin rana ko shekara. Duk wanda ya ba ka ranar tsunami, ƙarya yake.

Amsar da aka bayar daga nesa ba ta maye gurbin taswirar garinku, domin siffar gaɓa tana sauya komai: kwarin da ya tsuke yana tara ruwa ya ɗaga shi, shimfiɗaɗɗen fili yana barinsa ya yi nisa. Ka tambayi ofishin minti nawa suke ƙiyasta tsakanin girgiza da isowar ruwa a unguwarku, ka gwada da abin da agogonka ya nuna ranar da kuka taka hanya, ka ƙara minti biyar na fita daga gida. In lissafin bai fita ba, zaɓi biyu ne. Ko ka nemi a sauya muku gida zuwa sama, in da hali, ko ka nemo dogon bene na kankare da ƙarfe kusa da ku, wanda za ku hau hawa na huɗu ko sama da haka, iyakar inda matakala ta kai. Wasu garuruwan suna da gine-ginen da aka ware don wannan, da alama a jikinsu. In ka samu ɗaya, ka shiga da ƙafarka ka ga matakalar, ka tambayi ko ƙofar tana buɗe da ƙarfe biyun dare, in kuma ana kulle ta, makullin yana hannun wa.